Turken Ragon Kawu Haladu

Kawu Haladu dillalin kifi ne a Haɗeja, kuma maƙwabcina. Mutum ne da in ka ce masa ga rami, sai ya tambaye ka wa ya aike ka.

Da ya sayo firizar ajiye kifi, Safiyanu mai gyaran wuta ne ya haɗa masa. Bayan ya gama, sai ya kafa wani dogon ƙarfe a bayan ɗaki, ya ɗaura masa koriyar waya.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Kawu.

"Kawu, wani lokaci wuta kan zubo a jikin firiza. Wannan wayar ce za ta kai ta ƙasa. In babu ita, ta jikin wanda ya taɓa za ta bi."

"Ni in sayi wuta, ƙasa ta sha? Ita ta saya mini kifin?"

Safiyanu na fita, Kawu ya sa almakashi ya datse wayar. Ƙarfen kuwa ya ce Allah ya kawo turke, ya ɗaure ragonsa a jiki.

Damina ta sauka, kogi ya cika, daɓen ɗakin ya soma tsattsafo da ruwa. Matarsa Mairam, wadda ke fito wa masu saye da kifi, ta taɓa murfi, wuta ta fizge ta har hannunta ya mutu na yini guda.

"Malam, abin nan yana jan mutum."

Kawu ya zo da takalminsa na roba wanda ko banɗaki da shi yake shiga. Ya dafa firiza, ya shafa ta, har ya jingina.

"Ina jan? Ke dai iska ce ta taɓa ki."

Ya sayo turaren hayaƙi, aka dinga turara baiwar Allah safe da yamma. Unguwa ta ɗauka Mairam na da mutanen ɓoye. Sau uku wuta na jan ta, na ukun sai da ta faɗi ta fasa goshi. Na ce masa ya kira Safiyanu, ya ce in ji da gonar shinkafata.

Ran nan masu sayen kifi sun cika ƙofa, Mairam ta zauna a kan turmi ta naɗe hannu.

"Tashi ki buɗe, mutane na jira."

"Malam, yau kai za ka buɗe. Amma cire takalmin. Ni ma ba da shi nake shiga ba."

Idon jama'a ya fi bulala zafi. Kawu ya tuɓe takalmi, ya taka jiƙaƙƙen daɓe, ya kama murfi.

Ni na tsince shi a cikin daron karfasa, hula a gefe, yana salati. Allah ya sa da sauran kwana.

Mairam ta leƙo. "Sannu Malam. In kunna maka turaren?"

Kafin la'asar Safiyanu ya zo ya mai da wayar, ya kuma gyara inda wutar ke zuba. Rago ya koma gindin darbejiya.

Har yau Kawu bai ce ya yi kuskure ba. In ka tambaye shi koriyar wayar, cewa yake sadaka yake ba ƙasa, tunda can za mu koma.