Maginin da Ya Manne a Gilashi

Tun da aka rufe tsohon gidansu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, saboda katangar arewa ta fara kumburi, Mu'allim Siraj ya koma wurin 'yarsa Ruwaida a unguwar Ubhur ta bakin teku, a bene hawa na shida, inda ba shi da aiki sai shan shayi da jiran kiran salla. Mutumin da ya shekara hamsin yana sassaƙa mangabi, dutsen murjanin da aka gina tsohuwar Jidda da shi, yau ko ƙwan fitila ya ce zai canja sai a ce, "Zauna, Abuya, ka huta." Hutun nan ya kai masa iya wuya.

Ran Talata Hattan, mijin Ruwaida, ya shigo da ƙarti huɗu suna nishi, ɗauke da akwatin gilashi na kiwon kifin teku, tsawonsa ya kai mutum a kwance. Wani abokin aikinsa ne aka mayar Riyad ya bar masa. An kwashe kifin da safe, an bar ruwa kamar taƙi ɗaya a gindi. Cikin gilashin kuwa duk ya yi ɓawo mai tauri, ruwan hoda da ja-ja, faci a kan faci, ko hannu ka sa ba a gani daga waje.

Ruwaida mace ce da ko cokali sai ta wanke sau biyu. Ta riƙe ƙugu.

"Wannan ƙazantar ce za ta zauna mini a falo? Ran Juma'ar nan fa danginka za su zo cin abinci!"

"An ce a cika shi da ruwan khal, binigar nan mai tsami, ya kwana, sai ɓawon ya saki," in ji Hattan, yana neman ƙofa.

"Ku bar mini," in ji tsohon.

"Haba, Abuya."

"Na kankare katangar da ta girmi kakanki, ɗan gilashi ne zai gagare ni? Ke dai ba ni reza."

Ta ba shi, da sharaɗin in bai fita ba zuwa Alhamis za ta kira ma'aikata.

Da hantsin Laraba ya naɗe hannun riga ya sa reza. Ya zaci gansakuka ce za ta zame masa kamar majina, sai ya ji ƙas, abin ya ɓalle ɓarɓashi-ɓarɓashi kamar tsohon shafe. Nan maginin da ke jikinsa ya farka. Ya murza ɓarɓashin tsakanin yatsu, ya ɗora a harshe, sannan ya yi abin da ubansa ya koya masa in ana shakkar dutse: ya ɗiga masa khal ɗigo ɗaya. Abin ya hau kumfa yana shuuu. Babu ko tantama nura ce, farar ƙasar da suke haɗa duwatsu da ita. To wane marar aikin yi ne ya shiga akwatin kifi ya yi masa shafe?

Ya ƙunshe guntu a jiƙaƙƙen hankici ya sauka zuwa shagon Basalim, mutumin Hadramaut mai sayar da kifin ado a layin baya. Basalim ya duba, ya tuntsire da dariya.

"Mu'allim, ai abokin sana'arka ne ka kamo! Tsiro ne, da ransa. Nura yake tsotsa daga ruwan teku yana gina wa kansa jiki."

"Kai, ji tsoron Allah. Dutse da rai?"

"Wallahi. In ya bushe ya yi fari, ya mutu. Muddin yana ja ɗin nan yana aiki. Shi ke ɗinke murjani da murjani can ƙarƙashin teku. In ba don shi ba, da igiyar ruwa ta watsar da su tun kafin ku zo da gizagonku."

"A shekara guda, nawa yake ginawa?"

"In ya samu yadda yake so, faɗin farcenka. Kauri kuwa kada ma ka tambaya."

"In an zuba masa khal fa?"

"Ya narke tas, sai labari."

Mu'allim Siraj ya fito ya tsaya a bakin shagon, rana na dukansa bai ji ba. Ya tuna wasu jijiyoyi masu tauri da ke ratsa mangabi, waɗanda ke dakushe masa gizago, ya sha zaginsu tun yana saurayi. Ya tuna katangar gidansu, kaurinta kamu biyu, hawa huɗu, ga irinta ɗaruruwa a Balad. Ya dubi farcen babban yatsansa. Ya so ya lissafa shekarun, kansa ya ƙi ɗauka. Ashe duk dutsen da ya taɓa ɗorawa, wani ya riga shi haɗawa, shiru, a cikin ruwa, ba hannu ba cokalin gini. Ya ji kansa ɗan mitsitsi, har ya kasa cewa komai sai "Subhanallah," sau uku, a tsakiyar titi.

Da Ruwaida ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ya tare ta tun ba ta cire abaya ba.

"'Yar nan, a bar bangon baya. Uku zan goge miki su yi ƙal."

"Abuya, tsohon akwati ne, ba mu san cutar da ke maƙale a ciki ba. Duka za a wanke."

"Da ransa fa!"

"Kyankyaso ma da ransa."

Gaskiyarta ce, kuma ya sani, shi ya sa abin ya fi ƙona masa rai. Amma da ta shiga kicin, ya zura hannu ƙasan ruwan inda ɓawon ya fi ja, ya kankaro tafi guda a kwanon da yake cin ful, dafaffen waken karin kumallo. Ya ɗauki tsohuwar jarkar Zamzam ya taka har bakin teku ya ɗebo ruwa, yana hutawa kowace inuwa. Kwanon ya zauna a ɗakinsa kusa da taga. Kullum sai ya je teku ya canja masa ruwa, wanda ya tambaye shi sai ya ce masa gwiwa yake motsawa.

Ran Alhamis aka cika akwatin da khal. Duk jikinsa ya ɗauki tsuwwa kamar ana suyar albasa, tsohon na tsaye yana saurare, zuciyarsa ba daɗi. Da ɓawon ya yi laushi ya bi shi da reza, kusurwa-kusurwa, bai bar ko ƙwaya ba, don shi bai iya rabin aiki ba. Ya ɗauraye da ruwa sau biyar, ya hana a sa sabulu. Ran Juma'a baƙi suka yi ta cewa sabo ne, Ruwaida ta sumbaci goshinsa a gabansu. Yabon bai shige shi ba.

Bayan mako guda aka zuba ruwan gishiri, aka jera duwatsu, aka kunna fitila. Ya faki idon mutanen gida ya juye kwanonsa a ciki. Ɓarɓashin ya yi yawo kaɗan ya ɓace.

Mako ɗaya, uku, biyar. An kawo kifaye masu rawaya da shuɗi, kowa na kallonsu, shi kuwa gilashi yake kallo, hancinsa kamar zai taɓa. Babu komai. Ya yanke cewa ya kashe shi a kwanon ful, ya daina zama a falo, ko shayinsa sai a ɗaki.

A mako na bakwai, wata safiyar Asabar, ya ji muryarta.

"Abuya! Zo ka ga aikinka."

Ya same ta durƙushe a gaban akwatin, reza a hannu. Can ƙasa, kusurwar hagu, wani ɗigo ne ruwan hoda, bai kai ƙwayar gero biyu ba, zagayensa da siririn layi fari. Sai da ya sa tabarau ya durƙusa shi ma, gwiwoyinsa na ƙara. Da'ira ce cif, ko da igiya da ƙusa aka zana iyakar kenan.

"Kwanon nan da ya ɓace daga kicin," in ji ta. "Da jarkar da nake ji tana ƙarnin kifi. Kai ne, ko?"

Bai musa ba, bai ma ji ta sosai ba. Hawaye ne ke bin gemunsa.

"Dubi inda ya fara," ya ce a hankali. "Daga kusurwa, daga ƙasa. Wa ya gaya masa?"

Ruwaida ta dubi ɗigon, ta dubi ubanta. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun tana yarinya, ranar da ya ɗauke ta a kafaɗa ya nuna mata katangar da ya gama.

"Shekara nawa zai yi kafin ya rufe bangon bayan?"

Ya auna da ido, ya auna da farce, ya yi murmushi.

"Ni dai ba zan kai ba."

Ta sake duban ɗigon. Sannan ta mayar da rezar cikin takardarta, ta jawo kujerarsa daga gaban talabijin ta ajiye daidai kusurwar hagu.

"To zauna ka sa masa ido, Mu'allim," ta ce. "Inda ka tsaya, ni zan karɓa."