Matashin Kaka Quitéria

Dona Zuleide tana matse tsumma a bokiti sa'ad da Dakta Otávio ya shigo zauren da baƙinsa, ya tsayar da su gaban zanen da aka rataya jiya. Shi ne shugaban wannan gidan zane-zane na birnin Fortaleza, kuma in ya fara bayani sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a halicci teku.

Zanen irin wanda in ka matsa kusa ba ka ganin komai sai dabbaren fenti ne, sai ka ja da baya mutane su fito. Bakin tekun Iguape ne, garinsu Zuleide. Maza huɗu suna tura kwalekwale a kan gungume, can gefe a inuwar kwakwa wata mai jan kallabi ta sunkuya kan wani ƙaton matashi. Tun jiya Zuleide ta gane ta. Kakarta ce, Quitéria, wadda har ta rasu tana mitar baƙon da ya zana ta bai ko ce mata sannu ba.

"Ku lura da hikimar," in ji Dakta. "Mazan alamar gumi ne. Macen kuwa alamar hutu ce, barcin nan na mutanen gaɓa da teku ke ciyarwa suna kwance. Shi ya sa muka raɗa masa suna Mai Gyangyaɗi."

Baƙi suka yi ta gyaɗa kai, wata har da lumshe ido.

Zuleide ta cika ta yi fam. Shekara goma sha ɗaya tana goge daɓen nan, ta kuma san ƙa'idar: mai shara ba ta buɗe baki a gaban baƙi. Wadda ta gwada bara, yanzu dafaffiyar masara take sayarwa a tashar bas. Amma gyangyaɗi? Matar da teku ta cinye mijinta, ya bar ta da marayu bakwai?

"Ranka ya daɗe, ba barci take ba."

Dakta da baƙinsa suka juyo suna kallon Zuleide, ta ci gaba:

"Kakata ce. Wannan ba matashin kwanciya ba ne, na saƙar leshi ne. Busasshen ganyen ayaba ake cusa masa, a soke shi da ƙaya fiye da ɗari su riƙe zare. Ɗora kanka a kai mana mu ga barcin! Ɗige-ɗigen nan na ƙarƙashin hannunta kuma 'yan sandunan zare ne suke kaɗawa. Ko 'yar goye a Iguape ta san wannan zaman."

Wani baƙo ya ƙyalƙyale da dariya. Dakta ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Dona Zuleide, zane ba hoton fasfo ba ne. Haske mai zanen yake nema, ba kakarki ba."

"To ya nemi haskensa, wa ya hana shi? Ai ba shi ya rubuta gyangyaɗi ba, kai ka rubuta. A kan matashin nan idonta ya mutu. Leshin da ke wuyan uwargida ma," ta nuna mai lumshe idon, "sai da wata mace ta yi wata biyu a sunkuye haka kafin ya fito."

Matar ta kai hannu ta rufe wuyan rigarta.

Dakta ya matso, ya sassauta murya. "Na ga gajiya ce ke damunki. Ajiye kayan aikin ki tafi gida ki huta. Za mu neme ki."

Babu ma'aikacin gidan da bai san ma'anar "za mu neme ki" ba. Tsoro ya kama ta, amma haushin ya fi shi yawa. Ta kwance rigar aikin, ta ninke ta tsaf, ta ɗora a kan bokiti.

"Gida kam zan tafi, ranka ya daɗe," ta ce. "Hutun ne ban yi maka alkawari ba. Mu a gidanmu ba a koya mana shi ba."