Wuƙar Merle ta Ƙarshe

Arlo Tveit yana tsaye gaban injin wasa wuƙa, bai kunna shi ba, lokacin da akori-kurar Darlene ta tsaya a ƙofar rumfar. Ko motar ba ta kashe ba ta shigo, dusar ƙanƙara fal a takalmanta.

"Kawu Arlo, daga wajen Baba nake. Ya daina cin abinci. Nas ta ce duk mai son ganinsa ya zo yau."

"Yau ɗin nan?"

"Haka ta ce." Idonta ya sauka kan ƙarfen wuƙar da ke bisa benci, baƙi ƙirin, ba ƙota ba kaifi. "Wai har yanzu ba ka gama ta ba? Tun kaka fa ake abu ɗaya. Jiya ma sai da ya yi ta nuna mini da hannu yana tambayarta."

Arlo ya ce zai biyo ta a baya. Ta fita ta ja motarta.

Tun suna samari shi da Merle, mahaifin Darlene, suka raba aiki a rumfar nan. Merle ne mai wuta da guduma, ya ƙera, ya tsoma a mai har ƙarfe ya yi tauri. Arlo ne mai wasawa. Merle ba shi da haƙurin tsayuwa gaban inji, Arlo kuwa duk ƙarfen da ya sa a wuta sai ya fito a karkace. Suka tsufa suna zagin juna, mafarautan jihar Dakota ta Arewa suna rububin wuƙaƙensu. Wannan ta bisa benci ita ce ta ƙarshe da Merle ya ƙera kafin ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu. Arlo ya yi ta ja mata rai, yau ya ce sanyi, gobe ya ce bel mai kaushi da ake wasawa da shi ya ƙare. Gaskiyar magana tsoro yake ji, don in ya gama ta babu wata da za a miƙo masa.

Injin tsohon yayi ne, tsagi uku gare shi inda ake ɗora fambel: na gudu, na tsakiya, da na rarrafe. Kowane mawashi ya san ƙarfen da ya riga ya yi tauri ba a yi masa gaggawa. Da hannu tsirara ake riƙe shi, da ya ɗumama a tsoma a bokiti. In ya yi zafi har ya canza launi, taurin wurin ya tafi ke nan. A tsagin rarrafe aikin zai ci yini guda. A na gudu, kafin shayi ya huce an yi nisa.

Ya tsaya yana duban tsagin nan uku. Ba kowa a rumfar da zai tambaya, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Da Merle na nan, da tuni ya jefo masa baƙar magana daga bakin maƙera, shi kuma ya yi akasin abin da aka ce, kamar kullum.

Ya ɗora fambel a tsagin gudu.

Da farko abin gwanin sha'awa. Tartsatsi na zuba, baƙin na salewa, farin ƙarfe na fitowa sumul. Ya ja, ya tsoma, ya ja, ya tsoma. Gefe ɗaya ya kammala, ya juya ɗayan. Yana gab da tsini hankalinsa ya tafi kan titin gari, ko an share ƙanƙarar, ko zai tarar da mutumin da rai. Zafi ne ya dawo da shi. Ya cusa wuƙar a ruwa, ta yi cuu, ya ɗago ta. Tsinin ya yi shuɗi, faɗin farcen babban yatsa.

Ya zauna bisa kututture ya daɗe. Daga baya ya naɗe ta a tsumma haka nan, ya shiga mota.

A gidan kula da tsofaffi nas ta tare shi. "Malam, nan ba a shigowa da wuƙa."

"Ba wuƙa ba ce tukuna, 'yata. Ko man shanu ba za ta yanka ba."

Darlene ta leƙo ta sa baki, aka bar shi ya wuce. Merle na kwance, ya zama ɗan mitsitsi a cikin bargo, wannan ƙaton da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai.

"Tsohon banza, ana ta aiki kai kana kwance," in ji Arlo. Ya warware tsumman, ya ɗora ƙarfen a hannun da ke motsi, yana rufe tsinin da yatsansa.

Merle ya ture yatsan. Ya kai wuƙar kusa da ido, ya juya ta wajen hasken taga. Leɓensa ya yi ta rawa, sannan murya ta fito a shaƙe.

"Wane... tsagi?"

Darlene ta dafe baki. Rabonta da jin kalma daga gare shi tun kafin sanyi ya shigo.

"Na tsakiya," in ji Arlo.

"Ƙarya."

"To, na gudu. Ai kai ka ja, da shegen saurin mutuwarka."

"Jaki," in ji Merle, tiryan-tiryan, ba gargada ko kaɗan. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Arlo ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, bai kuwa share ba. Ya yi kewar zagin nan fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Merle ya tura masa wuƙar bisa bargo. Ya huta, ya tattaro numfashi.

"Koma. Cinye shuɗin. A hankali." Ya lumshe ido. "Ina jira."

"Ka tabbata za ka jira?"

Merle bai buɗe ido ba, ya dai ɗaga yatsa ɗaya ya nuna masa ƙofa.

La'asar sakaliya Arlo ya iso gida. Ya hura murhu, ya fasa ƙanƙarar da ta rufe bakin bokiti, ya sauke fambel zuwa tsagin rarrafe. Cikin bel-bel da ke rataye ya zaɓi mafi laushi, wanda kusan ba ya cin komai. Da wannan, shuɗin zai kai shi gobe, wataƙila jibi. Ga ƙota ba a fara ba, ga kube.

Ya kunna injin, ya ɗora tsinin ke nan, wayar da ke jikin bango ta fara ƙara.

A tsagin rarrafe injin ba shi da hayaniya, yana jin wayar sarai. Ta yi ta yi har ta gaji, ta sake farawa. Arlo bai waiwaya ba, ya san Darlene ce, ya kuma san abin da za ta faɗa. Ya tsoma wuƙar a ruwa ko da yake ba ta ko ɗumama ba, ya goge ta a wando, ya mayar bisa bel.

"Ka ji ka da gaggawa," ya ce da ƙarfi, kamar Merle na jinsa. "Ban gama ba."