Akodiyon da Otoniel Ya Bari a Gida

Ni Eufrasia ban yi makaranta ba, amma duk unguwarmu an san ina da murya. Tun ina budurwa nake waƙa a coci da wurin biki. Sai ga shi ranar bikin cikar jikata shekara goma sha biyar, a gaban dangi da maƙwabta, na karɓi makirufo, muryata ta tsinke a baiti na biyu kamar an taka kaza. Aka yi dariya. Wani ya ɗauka a waya. Washegari masu sayen arepa, wainar masarar da nake sayarwa a rumfata ta kasuwa, suna kwaikwayona.

Abin da ya fi ci mini rai, ban san dalili ba. Waƙar nan ko cikin barci ina rera ta. Na ɗauki lemata na nufi gidan Otoniel, shugaban makaɗan bikin. Na same shi a gindin mangwaro yana shan kofi.

"Inna Eufrasia, ga kujera."

"Riƙe kujerarka. Me na yi maka da ka kai kiɗa can sama inda ko tsuntsu ba ya kaiwa?"

Ya shiga ɗaki ya fito da akodiyon uku, abin kiɗan nan mai maɓallai da ake ja ana matsewa, ya jera a kan benci. Ya ja na farko, mai jan launi, ya yi kuka siriri. Na biyu ya ɗan sauko. Na ukun baƙi ne, tsoho, da ya buɗe shi sai na ji sautin a ƙirjina.

"Kowanne da muryarsa, Inna. Jan nan da shi na zo bikinku. Baƙin nan shi ne naki."

Ban san lokacin da na zauna a kujerar ba. Ni da na ɗauka kamar tukwane suke, babba da ƙarama miya ɗaya. Na sa yatsa na danna wani maɓalli, na ce ya sake ja in ji. Ya ja.

"To me ya hana ka zuwa da shi?"

"Surukinki Wilfrido. Na gaya masa farashi biyu ne. Idan mawaƙina kaɗai zai yi, akodiyon ɗaya ya isa, in ɗora a babur. Idan 'yan biki za su hau su yi waƙa, sai na kwaso duka, na ɗauki hayar mota, don ban san da wace murya mutum zai zo mini ba. Ya zaɓi mai arha. Ya ce babu mai waƙa a danginku."

"Haka ya ce?"

"Da bakinsa."

Wilfrido ɗin nan shi ya ja hannuna ranar, yana cewa kaka ta yi mana ɗaya.

"Kai kuma da ka ga na hau, bakinka ciwo yake?"

"Wa zai ƙwace makirufo daga hannun kakar yarinya? Ai na yi miki alama da gira."

"Gira. Na zaci sauro ne ya dame ka. Rataya baƙin nan."

Ya ce in fara a hankali ya nemo ni. Na fara, ya bi ni, muryar ta zauna daram. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya har na kai ƙarshe.

Na ce, "Asabar da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, ka zo rumfata da wannan."

"Kiɗan kasuwa ma da farashinsa, Inna."

"Sa masa mai tsadar."

Da na gaya wa Wilfrido shi zai biya, ya so ya yi gardama, 'yata ta kalle shi sau ɗaya ya haƙura. Ranar Asabar shi ya biya, kuma shi na sa ya riƙe waya ya ɗauka, ya tura wa duk wanda ya ga bidiyon farko. Masu kwaikwayona suka tsaya da arepa a hannu har ta huce.

Ban yafe masa ba tukuna. Amma na tambayi Otoniel ko akodiyon na tsakiyan nan zai ɗauke ni idan na rage shan kofi muryata ta ɗan hau. Ya ce in zo mu gwada.