Waƙar Baba Zailani ta Ƙarshe

"Ja sosai, Sulaimanu, ba za ta tsinke ba," in ji Baba Zailani.

Ina riƙe da bakin tsirkiyar, shi kuma yana fama ya ɗaure ta a wuyan gurmi da hannun hagunsa mai rawa. Zaren kamun kifi ne ya sayo a bakin ruwan Deira, don nan Dubai ba mai sayar da tsirkiya.

Katako ne kawai ya raba ɗakina da nasa a wani tsohon bene a Al Buteen. Ni ina gyaran waya a Naif, shi yana naɗe kwalaye da salatif a wani ofishin kago, masu aika kaya zuwa gida. Mun shekara biyu tare ban san ko wane ne ba, sai ranar da wani ɗan kasuwa daga Haɗeja ya gan shi a ƙofar masallaci, ya ajiye jakarsa ya durƙusa. Ashe shi ne Zailani Mai Gurmi, wanda mahaifina ke saurare a kaset, mai waƙoƙin rashi da kewar gida. Har Faransa da Jamus Turawa sun kai shi, suka ce irin kiɗansa ne suke kira bulus.

"Ni ina kuka, su suna tafi," haka ya ba ni labari.

Wani otal ne ya kawo shi wasan wata shida. Da otal ɗin ya sauya mai shi aka sallame su, shi kuma ya ji kunyar komawa gida haka. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Yanzu autarsa Mahfuza za ta yi aure, yana so ya aika mata da waƙa. Tun tana makaranta take ɓoye sunansa, gudun kar a ce mata 'yar maroƙi, kuma ya sani.

Bayan sallar Juma'a muka kashe na'urar sanyi saboda ƙararta, na ajiye wayata a kan kwali don ɗaukar waƙar. Ya fara, yatsun suka ƙi tafiya. Ya sake. A karo na uku gurmin ya zame daga cinyarsa. Ya daɗe yana kallon hannunsa, gumi na zuba a gemunsa.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Ɗauke shi."

"Baba, mu bari sai gobe."

"A'a. Danna."

Da murya kawai ya yi ta, a dushe, yana buga ƙirjinsa a hankali. Ya kira sunan uwarta marigayiya, ya kira unguwarsu, ya ce wa Mahfuza ta yafe wa uban da bai zo ba. Na tura mata. Alama ta nuna ta buɗe, amma ba ta ce komai ba.

Asabar ya ƙwanƙwasa katakon. "Ta yi magana?"

"Hidimar biki ce, Baba."

"Haka ne," ya ce.

Ran Lahadi da hantsi ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kwalaye. Litinin da safe Allah ya karɓi abinsa.

Ina zaune a barandar asibiti ina jiran takardar shaidar rasuwa, saƙonta ya shigo. Hayaniyar mata ce, da guɗa, da muryarsa tana fita daga lasifika. Sai ita, tana dariya tana kuka: "Yaya Sulaiman, ka kai wa Baba. Na sa wa kowa, har dangin miji. Na ce musu babana ne."

Sau biyu na saurara kafin na iya kiran ta.

Mu tara muka raka shi maƙabarta a Al Quoz: 'yan ofishin kago, da wasu 'yan kasuwa, da direban da ya kai mu. Da aka gama, Mahfuza ta kira ta bidiyo, ta roƙi in nuna mata kabarin. Na juya wayar. Da lalle a hannunta, ta rufe baki.

"Ɗan matsa kusa, Yaya."

Na durƙusa, na sauke wayar dab da ƙasa. Wani ma'aikaci yana yayyafa ruwa da bokiti, yashin yana shanyewa nan take.