Sunan da 'Yardada Ba Ta Faɗa

Shekarar da Malam Mikail limamin lungu ya rasu, duk matar da ta haifi namiji a wannan lungu na Gwammaja sai a yi wa Malam takwara. Kafin damina biyu, Mikail biyar ne ke rarrafe a ƙofar gidaje. Da suka tasa dole aka raba su da sunan iyaye mata: Mikail na Asibi, Mikail na Sa'adiyya, haka dai. Ɗaya ne kawai ba a jingina shi ga wadda ta haife shi, wato Mikail tela. Shi na Nana Hauwa ake ce masa, kakarsa ta wajen uba, wadda ta ɗauke shi tun ranar yaye.

'Yardada ce ta haife shi, ɗan farinta ne, ita kuwa mutuniyar da ce. Shekara talatin da ɗaya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana nemansa sai ta aiki ƙanwarsa Fatima: "Je ki ce wa wancan abinci na hucewa." In baƙuwa ta tambaya, "Wannan dogon naki ne?" sai ta kawar da kai ta ce, "Na Nana Hauwa ne." Nana Hauwa ta shekara tara a kabari, amsar ba ta canza ba. Kunyar ɗan fari ce, duk unguwa kuma an shaida ta iya ta.

Kada wani ya ce ba ta sonsa, wallahi ƙarya ne. Wa ke ɓoye masa ƙashin bargo a ƙasan tukunyar miya? Wa ke kasa kunne ta bayan katanga, in keken ɗinkinsa ya yi shiru gabanta ya faɗi? Shi ma ya sani, shi ya sa yake tsokanarta: "Inna, wai kin ma san sunana kuwa?" Sai ta ɗaga muciya ta ce, "Fice ka ba ni wuri, marar ta-ido."

To wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mikail na Asibi babu abin da bai taɓa ba: ƙwaya, wuƙa, ƙwacen waya. Ranar Litinin, a gidan kallon ƙwallo can Ƙofar Mazugal, ya luma wa wani saurayi Nazeer wuƙa a ciki, yaron ko asibiti bai kai ba. Kafin a gama wankan gawa, na Asibi ya hau mota ya bar garin, tsinanne.

Ranar Talata bayan Azahar 'Yardada na zaune a tsakar gida tana yankan kuɓewa sai ta ji ana rufe ƙofofin shaguna, bam, bam, bam, har ƙarshen layi. Ta ji gudu, ta ji wata mata na ihu, "'Yan Mazugal sun shigo!" Sannan keken ɗinkin bayan katanga ya tsaya cak. Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ta fita ko takalmi babu.

Su bakwai ne, da adduna da gora. Na gabansu Ashafa ne, yayan marigayin, jar ƙasar maƙabarta ba ta ma bar ƙafar wandonsa ba. A cikinsu ba wanda ya san fuskar wanda ya yi kisan. Suna kawai suka riƙo: Mikail, ɗan Gwammaja, dogo baƙi, uwarsa Asibi. Sun ɗora wa mai shayin bakin lungu adda a wuya suka ce ina Mikail, shi kuma tsoro ya sa ya nuna shago mafi kusa.

Kafin ta iso sun riga sun fasa wa Mikail tela goshi. Suna jansa a ƙasa ta wuyan riga, tef ɗin awo na lilo a kafaɗarsa, jini ya rufe masa ido ɗaya.

"Ku ji tsoron Allah!" Mikail ke faɗa. "Mu biyar ne masu sunan nan! Wanda kuke nema ya gudu tun jiya. Ni tela ne, ga gidanmu, ga mahaifiyata nan ta fito, ku tambaye ta!"

Wani ya zabga masa gora a baya har ta dare biyu. Ashafa ya ɗaga hannu aka dakata. Ya zo gaban 'Yardada yana huci, idonsa jawur.

"Baba, ke ce Asibi?"

"A'a, ɗan nan."

"To dubi wannan da kyau. Naki ne? In naki ne yanzu mu sake shi."

Kalma ɗaya fa ake nema, jama'a! Kalma ɗaya! Amma tsoro ya ɗauke mata hankali, ga maza sun zuba mata ido, harshe kuwa hanyar da ya saba yake bi. Kanta ya kau da kansa, kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya.

"Na... na Nana Hauwa ne."

"Kun ji!" Ashafa ya daka tsawa. "Ba nata ba ne! Ƙarya yake, shege!"

Kafin ta maida numfashi addar ta sauka. Ta farko a kafaɗa, ta biyu Mikail ya tare da hannun damansa, hannun da yake riƙe almakashi, yatsu biyu suka faɗi a ƙasa. Sauran suka rufe shi. Ta ji ƙarar ƙashi, ta ga jini ya yi tsartuwa har jikin katangarta.

"Mikail!"

Ihun ya fito kamar ba daga ƙirjinta ba. Ta kutsa cikinsu, ta faɗa a kansa, wata adda ta yanke ta a damtse ko ji ba ta yi ba.

"Nawa ne! Ni na haife shi! Wayyo Allah, Mikail, ni na haife shi!"

Hannun Ashafa ya tsaya a sama. Ya dubi tsohuwar, ya dubi wanda ke ƙarƙashinta. Shi ma ɗan cikin gari ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Baba," ya ce, "ɗan farinki ne?"

Addar ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Innalillahi," ya ja da baya, sannan duk suka watse ta lungun bayan masallaci.

Ta ɗora kansa a cinyarta, tana toshe wuyansa da mayafinta, mayafin na jiƙewa. Maƙwabta sai yanzu suka fara buɗe ƙofa, wani na ihun a kawo adaidaita. Mikail ya buɗe idon da ya rage masa.

"Inna," ya ce a hankali, "ashe kin san shi. Sake faɗa."

Ta faɗa. Ta sake faɗa. Tana ta faɗa har adaidaitar ta iso, har mai unguwa ya dafa ƙirjin Mikail ya girgiza kai ya ce a bar shi kawai.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata. Asibi ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka, ba wanda ya ce mata shigo. Can wata baƙuwa daga Ƙofar Ruwa, wadda ta biyo 'yan gaisuwa, ta raɗa wa Fatima, "Wai wanne ne daga cikin Mikail ɗin?"

Fatima ta buɗe baki za ta ce na Nana Hauwa. 'Yardada ta ɗago daga kan tabarma, damtsenta ɗaure da bandeji, ta riga ta.

"Mikail ɗana," ta ce. "Nawa."