Aikin Malam Hudu

"Jakar nan dai ka tsaya da ita nan waje," in ji Bushra. Tana tsaye bayan labulen ƙofa da goyon ɗanta, janareta na ruri a tsakar gida.

Malam Hudu ya yi dariya, tari ya katse shi. Shi ne mai hayar shagon da ke jikin gidansu a Jekadafari, ɗan Damaturu, siriri, kullum a ɗaki gaban kwamfuta. Tun da bam ya tashi a tasha mata ke ƙus-ƙus a kansa: mutum ba kasuwa, ba ofis, sai jaka.

"Maman Shafi'u, kwamfuta ce kawai. Batir ya mutu, wuta kuwa kin san tun yaushe rabonmu da ita. Ki ɗan jona mini."

"Gaggawar me ake yi?"

Nan fuskarsa ta washe. Ya ce kayan aikin da suke rubuta manhaja da su za a fitar da sabon samfuri, an ba shi na gwaji. Yanzu in ka tura aikinka, abokin aikinka na ganin duk layin da ka canja, da kuskuren da ya rage, ya ɗora daga inda ka tsaya.

"Ko ba ka nan, aiki ba ya tsayawa. Nawa aikin ne ban tura wa abokin aikina Joda ba, ga shi yau za a kwantar da ni asibiti."

Ta kalli jakar, baƙa, ta kumbura da wayoyi. Ta ji numfashin ɗanta a bayan wuyanta.

"Ka yi haƙuri, maigidan ba ya nan."

"Ai ba shiga zan yi ba, Hajiya."

"Ka dai bari ya dawo."

Ya ce ba komai, Allah Ya raya yaro. Ya tafi yana dafa bango.

Ranar Laraba aka kawo gawarsa. A bakin masu wanka aka ji ashe huhunsa ya daɗe da lalacewa.

Joda ya iso daga Yola bayan an dawo daga maƙabarta. Bushra ta kai masa ruwa bakin shagon, ta tarar ya samo caji a wani wuri ya kunna kwamfutar. Kalmar sirri take nema. Ya gwada sunan mahaifiyar mamacin, ya gwada sunan garinsu, ta ƙi buɗewa.

"Aikin shekara guda yana cikin nan," ya ce. "Ya kira ni ya ce yanzu zai turo, maƙwabtansa mutanen kirki ne, suna da janareta. Ko ranar ba ku da mai ne?"

Bushra ta kalli kofin da ke hannunta.

"Akwai," ta ce a hankali.

Joda ya ɗago ya dube ta. Ta durƙusa ta ajiye kofin a gefen tabarma. Ruwan ya ɗan zube, ƙasa ta shanye shi.